Iya ruwa fid da kai: sabon shiga a ƙungiyar ƙwallon ruwa

A ƙasar Amurka, musamman a jihar Kaliforniya, ɗiyan lise na yin wani wasan ƙwallo cikin ruwa mai zurfi, inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Kowace shekara yara da yawa kan shiga wasan ba tare da sun san komai a kansa ba. Wasu kan tsere tun makon farko, wasu kan daure har su zama gwanaye. Ga yadda hanyar take.

Ƙarfe shida na safe ne, cikin watan Agusta. Azuzuwa na kulle domin ba a dawo daga babban hutu ba tukuna, amma a bayan ginin makaranta tuni samari sun yi layi a bakin tafkin iyo, wato pisin. Mafi yawansu sun san juna, sun san inda ake ajiye ƙwallaye, sun san halin mai horar da su. A ƙarshen layin kuwa ba a rasa wani yaro ɗan shekara 14 da ya rungume tawul yana raba ido. Kwanan nan uwayensa suka sa hannu a takarda, likita ya auna shi ya ce lafiyarsa lau. Ya iya iyo daidai gwargwado, irin na wanda ya saba wanka a bakin teku ranar hutu. Ban da wannan bai san komai ba. Shi ne sabon shiga, kuma da wuya a samu ƙungiyar lise da ba ta karɓar irinsa kowace shekara.

Da mai horarwa ya busa usur kowa ya faɗa ruwa, sai yaron ya gamu da darasinsa na farko. Ya miƙa ƙafa yana neman ƙasa, bai same ta ba. Ya nufi gefen pisin zai dafa, aka daka masa tsawa. A wannan wasa ba a tsayawa a ƙasa, ba a riƙe bango, kuma ko an tsayar da wasa ana bayani, mutum yana nan cikin ruwa yana fama da kansa. Ɗan ƙwallon ƙafa idan ya gaji yakan dafa ƙugu ya ja numfashi. Ɗan ƙwallon ruwa idan ya daina motsi sai ya nutse.

Yadda ake wasan

Kowane ɓangare na da mutum 7 cikin ruwa: ƴan wasa 6 da mai tsaron gida. Raga tana yawo bisa ruwa, faɗinta mita 3, tsayinta daga saman ruwa santimita 90. Ƙwallon ya yi kusan girman tamola, nauyinsa tsakanin giram 400 da 450, an yi masa kaushi don kada ya sulluɓe daga jiƙaƙƙen hannu. Ana raba wasa kashi huɗu; a manyan gasa na duniya kowane kashi minti 8 ne, a babbar ƙungiyar lise kuwa minti 7. Mai karatu na iya cewa ai wannan ba wani lokaci ba ne. To, amma agogo kan tsaya duk sa'ad da aka busa usur, saboda haka wasan da aka rubuta masa minti 28 yakan kai kusan awa guda. A wasan lise, ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da sakan 30 kacal ta kai hari. Idan lokacin ya cika ba ta jefa ba, ƙwallo ya koma hannun abokan gaba, kowa kuma ya juya da iyo zuwa ɗaya gefen.

Asalin wasan daga Birtaniya ne, a ƙarshen ƙarni na 19. Wani malamin iyo ɗan Sikotlan mai suna William Wilson na cikin waɗanda suka fara tsara masa dokoki a 1877, kuma a 1890 aka yi karawar farko tsakanin ƙasa da ƙasa, Ingila da Sikotlan. Turawa na kiransa folon ruwa, sunan da ya yi tarayya da wasan folo na dawaki, ko da yake a nan babu doki babu sanda. Ya shiga wasannin Olimpik tun 1900 a birnin Paris, abin da ya sa yake cikin tsofaffin wasannin ƙungiya a wannan gasa. Mata kuwa sai da suka jira shekara ɗari cur: a 2000, a birnin Sidni, aka ba su fili, inda Ostareliya ta doke Amurka da ci 4 da 3 a wasan ƙarshe.

A Turai, yaro kan koyi wasan ne a kulob na gari. Ƙasar Hungari ce uwa ma ba da mama, da lambar zinariya 9 a Olimpik ta ɓangaren maza, sai kuma Sabiya da ta ɗauke ta sau uku a jere, a 2016, a wasannin Tokiyo da aka yi a 2021, da kuma 2024. A Amurka kuwa makaranta ce babbar ƙofa. Lise a can shekara huɗu ce, daga aji na 9 zuwa na 12, kwatankwacin daga ajin ƙarshe na kolej zuwa ajin bak. A shekarar karatu ta 2018-2019, samari sama da 20.000 da ƴan mata sama da 20.000 ne suka yi wasan da sunan makarantunsu, kuma mafi yawansu a Kaliforniya suke. Ƙarfin jihar ya kai ga cewa tun 1969 da aka fara gasar jami'o'i ta maza, babu wata jami'a daga wajen Kaliforniya da ta taɓa ɗaukar kofin.

Makon azaba

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Gasar samari kan fara da zarar an koma makaranta ta ƙare cikin watan Nuwamba, don haka masu horarwa kan tara yara tun kafin a koma, su yi musu horo sau biyu a yini, safe da maraice. Yaran da kansu suka laƙaba wa waɗannan kwanaki sunan makon azaba. Ƴan mata ma haka suke sha, sai dai a kudancin jihar lokacin sanyi ne nasu zangon.

A cikin wannan mako sabon shiga ba ya cika taɓa ƙwallo. Iyo ne kawai, tafi ka dawo, tafi ka dawo, da ɗan hutun sakanni a tsakani. Kuma ba irin iyon da ya sani ba ne. Mai tseren iyo yakan sa fuskarsa cikin ruwa ya miƙe sambal kamar kifi. Ɗan ƙwallon ruwa dole ya ɗaga kai sama, idonsa na kan ƙwallo da abokan wasa, hannuwansa na saurin sara ruwa. Da an ɗaga kai sai ƙugu ya nutse, jiki ya yi nauyi, wuya da kafaɗa su ɗauki zafi. Har yaran da suka zo daga ƙungiyar tseren iyo, masu taƙama da gudu, sukan sha mamaki a nan.

Ranar farko yaron kan sha ruwa har ya ƙoshi. Jijiyar sha-raɓa takan ɗaure masa tsakiyar pisin. Idanu kan yi jajir saboda maganin kulor da ake zubawa, domin doka ta hana sa tabarau na iyo a lokacin wasa, gudun kada duka ya fasa shi a fuska. Da ya koma gida yakan cinye abin da mutum biyu za su ci, ya yi barci kan kujera. Amma ba gajiyar ce ta fi ci masa rai ba. Abin da ya fi zafi shi ne zama na ƙarshe: kowa ya iso bango ya huta, shi yana tsakiyar ruwa, kafin ya iso an sake busa usur. Yaro ɗan shekara 14 ya fi jure ciwon jiki bisa ga kunya a gaban tsaransa. A wannan gaɓa ce waɗanda za su bari ke bari, kuma galibi ba sa sallama. Wata safiya ce kawai ba a gan su a layi ba.

Tuƙin maburgi

Wanda ya wuce wannan mako yakan tarar da ainihin sirrin wasan, wanda ƴan kallo ba sa gani domin a ƙarƙashin ruwa yake. Mai kallo daga waje yana ganin mutane tsaye cikin ruwa har ƙirji, natse, suna miƙa wa juna ƙwallo kamar a tsakar gida. Abin da ke riƙe da su wani salon juya ƙafafu ne da Amurkawa suka kwatanta da abin kaɗa ƙwai. Bahaushe zai ce tuƙin maburgi.

Ga yadda yake. Mutum yakan yi kamar ya zauna bisa kujerar da babu ita, bayansa a miƙe, gwiwoyi a buɗe sun fi faɗin kafaɗa. Daga gwiwa zuwa ƙasa, kowace ƙafa tana zana da'ira zuwa ciki, ta dama tana juyawa ta wannan fuska, ta hagu ta waccan, kuma ba tare suke tafiya ba: idan ɗaya na danna ruwa da tafinta, ɗayar na dawowa. Da yake a kowane lokaci akwai ƙafa ɗaya da ke aiki, jiki ba ya hawa da sauka, yana tsayawa wuri guda, hannuwa kuma su samu ƴanci. Wanda ya ƙware yakan haɗa ƙafafun biyu ya buga lokaci guda, sai a ga ya fito daga ruwa har ƙugu ya tare ƙwallo.

Faɗarsa da sauƙi. Sabon shiga yakan fara da harba ƙafafu kamar kwaɗo, ya taso ya nutse, ya taso ya nutse, yana haki. Akan zaunar da shi a bakin pisin ya yi ta juya ƙafa ɗaya har ta saba, sannan ɗayar. Daga nan a ce ya fid da tafin hannu daga ruwa, sannan gwiwar hannu, sannan ya ɗora hannuwa a ka. Akwai wani horo da ya shahara a pisin ɗin Amurka: a ba mutum bidon ruwa mai cin kusan lita 19, ya ɗaga shi sama da kai bakinsa a ƙasa, ya yi ta tuƙi har ruwan ya tsiyaye duka. Makonni kan wuce kafin ƙafafu su gane abin da ake nema gare su. Sai wata rana, ana cikin sauraron bayani, yaron ya lura ya yi minti biyar a tsaye cikin ruwa bai tuna da ƙafafunsa ba. Babu wanda zai tafa masa, domin babu wanda ya gani. Amma daga ranar ce ya zama ɗan wasa.

Masu horarwa kan maimaita wa yara cewa da ƙafa ake jifa. Wanda ƙafafunsa ba su ɗaga shi ba, komai ƙarfin damtsensa jifarsa ba ta da kaifi, kuma kafaɗarsa ce za ta biya kuɗin. Tarihin wasan ma ya ajiye wani abin al'ajabi a nan. Olivér Halassy, ɗan Hungari, ya rasa ƙafarsa ta hagu daga ƙasan gwiwa tun yana yaro sakamakon haɗari. Duk da haka ya ci lambar azurfa a Olimpik ta 1928, ya ci zinariya a 1932 da 1936.

Hannu ɗaya, da busar usur

An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma a ƙwallon ruwa dole ya ɗauki ƙwallo. Ban da mai tsaron gida, duk wanda ya sa hannu biyu ya yi laifi. Wannan doka ce ta fi kama sababbi, domin tun yaro na rarrafe, da hannu biyu yake cafe abin da aka jefo masa. Sai ya koyi ɗauko ƙwallo daga ƙarƙashi, ya tallabe shi da tafi maimakon ya danna shi daga sama, domin nutsar da ƙwallo sa'ad da abokin gaba ya taso masa shi ma laifi ne. Sai ya koyi karɓa: hannu a sama, ya bi ƙwallon baya a hankali kamar mai karɓar ƙwai. Sai ya koyi tura ƙwallo yana iyo, ba tare da ya taɓa shi ba, ƙwallon na tafiya tsakanin hannuwansa bisa ƴar igiyar ruwan da ƙirjinsa ke tayarwa.

Bayan hannu sai kunne. Baƙo a bakin pisin yakan ɗauka alƙalan wasa sun haukace, domin usur ba ya minti guda bai yi kuka ba. Dalili shi ne laifuffuka iri biyu ne. Ƙaramin laifi, kamar tura mutum ko danne shi alhali ba ya riƙe da ƙwallo, hukuncinsa jifa ce kawai ga ɗaya ɓangaren, kuma wasa ba ya tsayawa. Gwanaye ma da gangan suke yin sa ko su jawo a yi musu. Babban laifi kuwa, kamar riƙe mutum, nutsar da shi ko janyo shi baya, yakan sa a fid da mai laifin na sakan 20 a wasan lise, ƙungiyarsa ta rage mutum biyar gaban shida. Wanda ya tara manyan laifuffuka uku ya gama wasan ranar. Idan kuma aka hana mutum cin da ya tabbata a bakin raga, sai a ba da bugun daga kai sai mai tsaron gida daga mita 5.

Kuskuren sabon shiga a nan sananne ne. Da ya ji usur sai ya tsaya yana duban alƙali, yana son ya san me ya faru. Kafin ya juyo, wanda aka ba shi tsaro ya yi masa nisan mita biyar, ya nufi raga shi kaɗai. Akan yi watanni kafin yaro ya koyi cewa usur a wannan wasa kira ne na a ƙara sauri.

Kokowar da ba a gani

A gaban kowace raga, kimanin mita 2 daga gare ta, akwai mutum biyu da ba su da aiki sai kokowa: ɗan tsakiya mai neman juyawa ya jefa, da mai tsaronsa. Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa ya san yadda ƴan kokowa ke neman ƙugu da wuyan hannu. Haka abin yake a nan, sai dai rabinsa ruwa ya rufe. Ana riƙe wando, ana sa gwiwa, ana dafa cinya a yi tsalle. Shi ya sa ƴan wasa da yawa ke sa wandon iyo biyu, shi ya sa alƙalai ke duba akaifar kowa kafin a fara, shi ya sa hular wasa ke da marufin roba a kan kunne don kare dodon kunne daga fashewa.

Wasan da ya fi shahara a tarihin ƙwallon ruwa ma saboda wannan ne aka san shi. Ranar 6 ga Disamba 1956, a Olimpik ta birnin Melbon, Hungari ta kara da Tarayyar Sobiyet, makonni kaɗan bayan tankokin Sobiyet sun murƙushe boren mutanen Budapest. Hungari na gaba da ci 4 da nema sa'ad da Valentin Prokopov ya naushi Ervin Zádor a ido. Zádor, ɗan shekara 21, ya fito jini na zuba, ƴan kallo suka harzuƙa, aka tsayar da wasa kafin lokaci. Hungari ta ci zinariya a wannan shekara, amma Zádor bai koma gida ba. A Kaliforniya ya zauna yana koyar da iyo, kuma cikin yaran da suka bi ta hannunsa har da Mark Spitz, wanda ya ci zinariya 7 a Olimpik ta 1972.

Wasan lise bai kai haka zafi ba, amma uwaye na da dalilin damuwa. Wani bincike da jami'ar Kaliforniya da ke Irvine ta wallafa a 2016 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƴan wasan da suka amsa tambayoyi sun taɓa samun girgizar ƙwaƙwalwa, kuma masu tsaron gida, waɗanda ƙwallo ke samu a fuska, sun fi kowa. Dokar jihar ta tanadi cewa yaron da ake zaton ya bugu a ka a fid da shi nan take, kada ya dawo sai da takardar likita. Idan kuma an tabbatar da buguwar, sai ya yi aƙalla kwana 7 yana komawa sannu a hankali.

Benci, maki da aljihu

Manyan makarantu kan raba ƴan wasa hawa-hawa: babbar ƙungiya mai ɗauke da sunan makaranta, ƙungiya ta biyu, wani lokaci har da ta uku ta ƴan ajin farko. Sabon shiga daga ƙasa yake farawa, kuma ko a can benci ne mazauninsa. Idan aka sa shi, galibi a gefe ake ajiye shi, kusa da bango, inda kuskurensa ba zai yi ɓarna da yawa ba. Abin ya yi kama da na yaron shago, wanda kan yi shekara yana shara da ɗaukar kaya kafin maigida ya bar shi ya taɓa akwatin kuɗi.

Akwai kuma sharaɗin karatu. A Kaliforniya, ɗalibin da matsakaicin makinsa, abin da ake kira mwayen, ya gaza 2 bisa 4, yana iya rasa izinin wasa da sunan makaranta. Yaron da ya tashi ƙarfe biyar na asuba, ya sake shiga ruwa bayan an tashi daga aji, dole ya nemi lokacin da zai buɗe littafi idanunsa na rufewa. Uwaye da yawa a nan suke auna ribar abin da hasararsa.

Ta fuskar kuɗi, kotun ƙoli ta jihar ta yanke hukunci tun 1984 cewa makarantar gomnati ba ta da ikon tilasta wa ɗalibi biyan kuɗi kafin ya shiga irin waɗannan ayyuka. Amma wannan bai daidaita kowa ba. Yaran da suka yi fice tun ranar farko galibi waɗanda uwayensu suka biya musu kulob ne tun suna shekara 9 ko 10, suka kai su gasa gari-gari. Sabon shiga yana bin mutanen da suka riga shi da shekara huɗu ko biyar. Abin da ke taimakonsa shi ne wasan bai kai ƙwallon kwando ko ƙwallon Amurka jan jama'a ba, don haka makarantu da yawa ba sa korar kowa. Duk wanda ya iya iyo kuma ya ci gaba da zuwa yana da wuri.

Sai dai iya iyon kansa ba kowa ya gada ba. Shekaru da yawa an hana baƙaƙen fata shiga pisin ɗin jama'a a sassa da dama na Amurka, har zuwa lokacin dokar ƴancin jama'a ta 1964, kuma uban da bai koya ba da wuya ya koya wa ɗansa. Hukumar kula da cututtuka ta ƙasar ta bayyana a 2021 cewa yara baƙaƙe ƴan shekara 10 zuwa 14 na mutuwa a pisin fiye da ninki bakwai na tsaransu farare. Wannan ne ya sa sunan Ashleigh Johnson ke da nauyi. Ƴar Miami ce, a jihar Fulorida, kuma ita ce baƙar mace ta farko da ta shiga ƙungiyar Amurka ta Olimpik a wannan wasa. Ta tsare gida a 2016 a birnin Riyo da kuma a Tokiyo, sau biyun duka ta dawo da zinariya.

Ranar da aka kira lambarsa

Wasan farko na sabon shiga yakan zo ne ba shiri, a kashi na huɗu, sa'ad da ƙungiyarsa ta yi nisa da ci ko an yi mata nisa. Mai horarwa ya waiwayo benci ya kira lambar da ke jikin hularsa. Minti biyu ko uku ne kawai, amma yaron zai daɗe bai manta da su ba. Wataƙila ya sa hannu biyu. Wataƙila ya bi mutumin da ba nasa ba. Idan ya yi sa'a, ya karɓi ƙwallo ya miƙa wa na kusa ba tare da ya faɗi ruwa ba, manya daga benci su kira sunansa. Da yawa kan ƙare shekarar farko ba su ci ko ƙwallo ɗaya ba.

Kaɗan ne ƙwarai daga cikin waɗannan yara za su yi wasa a jami'a, kuma waɗanda za su sa hular ƙasa a Olimpik ta Los Anjeles a 2028 ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Saura abin da za su tafi da shi daban ne. Yaron da ya gama zango guda ba ya ƙara tsoron ruwa mai zurfi; yana iya yin rabin awa cikinsa ba tare da ya dafa komai ba, ko da wani na danna kafaɗarsa, kuma wasu daga cikinsu da wannan suke samun aikin ceton masu wanka a lokacin hutu. Ya kuma san wani abu game da kansa da ba a koyarwa a aji: an taɓa barin sa a baya a gaban kowa, kwana da kwanaki, bai fasa zuwa ba.

Idan Agusta ta zagayo, yana nan a bakin pisin ƙarfe shida na safe, kafaɗunsa sun buɗe, gashinsa ya koɗe saboda kulor. Yanzu a tsakiyar layi yake. A can ƙarshe kuwa wani yaro ne rungume da tawul, yana raba ido. Wata ƙila shi za a ce ya zaunar da baƙon a bakin ruwa ya nuna masa yadda ake juya ƙafa. Da koyo akan iya, in ji masu iya magana, kuma iya ruwa fid da kai.